Kundin shirin taron ganye da ƴaƴan itace a Tawa

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Kwamiti ya yi zamansa na farko yau da hantsi, aka ɗora mini riƙon wannan kundi don kada gaba a yi ta gardamar wa ya ce me. Abin da aka tsayar shi ne za a yi taron kwana biyu a nan Tawa bayan ƙaramar salla, daidai lokacin da albasa ke fitowa daga fadama. Batun kuwa sinadaran da ke cikin ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace ne, da aikin da suke yi a jikin ɗan Adam. A kwamitin akwai mu malaman kimiyyar abinci da na noma, da likita mai duba masu hawan jini da ciwon suga, da ungozoma, da wakilin manoman albasa daga wajen Galmi, sai Hajiya, shugabar matan da ke busar da zogala da tumatir a bayan gari.

Ba mu muka fara irin wannan taro ba. Ƙungiyar masana aikin lambu ta duniya ta buɗe jerin tarukanta na FAVHEALTH, kan amfanin ƴaƴan itace da kayan lambu ga lafiya, a birnin Kebek na Kanada a 2005, ta yi na biyu a Hiyuston ta Amurka a 2007, na uku a Abinyon ta Faransa a 2009. Masu nazarin folifenol, wani rukunin sinadaran da ake samu a tsirrai, su ma suna da nasu, wanda suka soma a garin Bishi na Faransa a 2003. Na ɗan jima ina bin takardun da suka fito daga waɗannan zama. Tuffa ne, inabi ne, burokoli ne, koko ne, ganyen shayi ne. Ban ga laifinsu ba, kowa abin da ke kasuwar garinsu yake aunawa. Amma kuka da yakuwa da aduwa da magarya, sai ka yi ta lalube kafin ka ci karo da su.

Shugaban kwamiti yana so a raba zaman yadda suke yi can: safiya ta folifenol, yamma ta karotin, sinadaran da ke ba karoti da mangwaro launinsu, washegari a yi sinadaran da ke ba albasa da tafarnuwa yajinsu. Dokta bai yarda ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a taɓa zuwa wurina an ce mini an ci folifenol ba. Tuwo da miyar kuka ake ce mini." An tashi ba a yanke ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Ranar kasuwar Tawa. Na shiga da ɗalibaina da ƙaramin sikeli. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta FAO suka ce kowane mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace a yini, ban da dankali da rogo da danginsu. Muka ce bari mu ga 400 ɗin da ido. Tumatir biyu, albasa ɗaya, yankan kankana, sai ga shi ya cika. A ido ba wani abu ba ne. A aljihu yake da nauyi, don gida mai mutum goma kilo huɗu ke nan kullum ta Allah, ga albasa ta yi tsada yanzu tun da ta ajiya ta kusa ƙarewa.

Layin masu busasshen kaya ne ya tsayar da ni. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, gabu, lalo, yakuwa, jan tattasan Difa a buhu-buhu. Mafi yawan watannin shekara waɗannan su ne kayan lambun gidajenmu, alhali ma'aunin 400 na ɗanye ne. Cokali nawa na kuka ke shiga tukunyar mutum goma? Me ya rage a cikinsa bayan rana da ƙura da kanwa da dogon tafasa? Ba wanda zai amsa mana wannan a Kebek, kuma ba aikinsu ba ne. Da daddare na rubuta wa shugaba cewa ina bayan Dokta, a raba zaman bisa abin da ake ci: albasa da gabu, zogala da sauran ganye, soɓorodo da ƴaƴan itacen daji.

Talata, 4 ga Nuwamba

Shugaba ya amince, ba da daɗin rai sosai ba. Taƙaitattun takardu sun fara shigowa daga Yamai da Maraɗi da Damagaram, har da Sakkwato.

Mafi yawansu tafiyarsu ɗaya. A niƙa ganye, a jiƙa a metanol, a tace, a ɗiga a cikin ruwan gwaji mai launin shunayya, launin ya koɗe ya koma rawaya, sai a rubuta cewa wannan tsiro yana hana sankara. Aikin labo ɗin kansa ba ƙarya ba ne, launi ya koɗe kam. Sai dai tsakanin kwalbar gwaji da jikin mutum akwai ciki da hanji da hanta, kuma yawancin folifenol kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, wanda ya shiga ɗin ma hanta ta riga ta sauya masa kama. Miƙa wa tsiro lambar magani daga gwajin kwalba kamar a miƙa wa ɗan kokowa takobi ne don an ga damtsensa, bai ko shiga fili ba. Ma'aikatar noman Amurka tana da babban jadawalin irin wannan awo, mai suna ORAC, wanda ƴan kasuwa suka yi ta talla da shi. A 2012 ita da kanta ta sauke shi daga shafinta, ta ce ba ta ga hujjar cewa lambobin suna da alaƙa da lafiyar mai ci ba.

Na roƙi a ba ni rabin awa a buɗe taro in ba da labarin bita-karotin, don matasanmu da yawa ba su san shi ba. A 1981 wasu manyan masana, cikinsu da Richard Peto da Richard Doll, wanda ya yi suna wajen gano alaƙar taba da sankarar huhu, suka yi tambaya mai ma'ana. An lura masu yawan cin karoti da koren ganye ba su cika kamuwa da sankara ba, jininsu kuma da bita-karotin da yawa, to ko shi ne mai kariyar? Aka ciro shi aka yi ƙwaya. A Finlan aka ɗauki maza 29,133 masu shan taba, aka riƙa ba wani kashi miligiram 20 kullum na tsawon shekaru. Sakamako ya fito a 1994: sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a wajen masu shan ƙwayar. A Amurka wani gwajin mai mutum 18,314, wanda aka haɗa bita-karotin da bitamin A, sai da aka tsayar da shi a farkon 1996 kafin wa'adinsa, don ƙaruwar ta kai kashi 28. Karoti bai cuci kowa ba. Abin da aka zare daga cikinsa aka ninka aka dunƙula shi ne ya yi ɓarnar.

Don haka kwamiti ya sa ƙa'ida. Ba za a kori takarda don aikin kwalba ce ko na ɓera ba, ai daga nan ake farawa. Amma mai ita zai faɗa tun a jimlarsa ta farko a kan me ya yi gwajin, zai faɗi yadda aka sarrafa abincin da yawan da mutum ke ci a zama ɗaya, kuma ba za a ga "yana maganin kaza" a kan kowace takarda ba. Wani abokin aiki ya ce wannan zai rage mana masu zuwa. Zai rage ɗin.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Mun bi ta Badagishiri da Tsernawa da Malbaza muka isa Galmi. Dashe ake yi, duk fadamar yara da manya ne a sunkuye, injinan ban ruwa na ta kuka. Wakilin manoma ya kai mu wurin wani dattijo da har yanzu yake da sauran albasar bara a rudu.

Rudun na kara ne da zana, an ɗaga shi daga ƙasa don iska ta bi ta ƙarƙashi, an rufe da jinka. Da ya buɗe, warin ne ya fara tarbar mu. Albasar tana ciki tun lokacin zafi. Ɓawon ya bushe ƙayau, yana kwaɓewa da kansa, wasu sun fito da tsiro, wasu sun zama ruwa sun ɓata na kusa da su. Dattijon ya ɗauki ɗaya ya danna wuyanta da babban yatsa, ya jefar gefe, ya ɗauki wata ya danna ya miƙo mini. Na ce, "Baba, me ake dubawa?" Ya ce, "Wuya, yaro. In wuya ya yi taushi ta tafi. Kuma wadda aka cika wa takin zamani ba ta kai damina." Ya ƙara da cewa mai yaji ita ke jimre ajiya. Duka biyun haka suke a littafi: takin ire da ya wuce kima yana rage kwanan albasa, irin da ke da yaji da ƙarancin ruwa kuma ya fi daɗewa.

Abin da ya kawo mu kersetin ne, ɗaya daga cikin folifenol, wanda albasa ke cikin abincin da ya fi kowane yawansa. Sunansa ya fito ne a 1993 da binciken garin Zutfen na Holan, inda aka bi tsofaffi maza 805 aka ga masu samun irin waɗannan sinadarai da yawa, daga shayi da albasa da tuffa, ba su kai sauran mutuwa da ciwon zuciya ba. Lura ce kawai aka yi ba gwaji ba, kuma mun ga inda lura ta kai mutane da bita-karotin. Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da Peter Hollman da abokansa suka yi a Holan ɗin a 1995. Sun ba mutum tara kersetin ta hanyoyi daban-daban suka auna abin da hanji ya tsotse. Daga soyayyiyar albasa kusan kashi 52 cikin 100 ne, daga tsantsar sinadarin kuwa kashi 24. Wato na cikin albasa, da yake liƙe da sukarinsa na asali, ya fi na kwalba shiga jiki.

Sinadarin ya fi taruwa a ɓawo da kunnuwan waje, yana raguwa in an doshi tsakiya, farar albasa kuma kusan ba ta da shi. A gidajenmu kuwa in albasa ta kwana a ajiya, kunne biyu ko uku ake ɓarewa a zubar kafin a yanka. Mun ɗebi ta rudu, za mu ɗebi sabuwa in ta fito, za mu nemo fara ta Sumarana daga Maraɗi, mun kuma sayi gabu iri biyu, na lawashi da na kai. Dole a faɗa a taro cewa ta rudu da sabuwar ba noman shekara ɗaya ba ne, saboda haka kwatancen na share fage ne. Aikin gaskiya shi ne a bi gona ɗaya daga cira har ƙarshen ajiya, wannan kuwa sai baɗi.

Talata, 9 ga Disamba

Wani kamfani mai ƙulla garin zogala a kwalba ya aiko wakili. Za su biya zauren taro da abincin rana da buga littafin taro, mu kuma mu sa tambarinsu a bango mu ba su minti ashirin. Kuɗin ya kai a yi shiru a ɗaki. Sai Dokta ya ce a ba shi kwalbar. A jikinta an jera ciwon suga, hawan jini, basir, sanyi, rashin haihuwa, har da ciwon hanta. Ya ajiye ya ba mu labarin wata baiwar Allah da ta bar maganin sugarta ta koma shan irin wannan gari, aka kawo ta da ƙafa ta riga ta ruɓe. Ya ce wa wakilin, "Alhaji, in kun goge wannan jerin kuka rubuta abinci ne, ni zan fara saye." An rabu da mutunci, ba a karɓa ba.

Abin takaicin shi ne zogala ba ta bukatar ƙarya. Ganyenta na da furotin da ƙarfe da kalsiyam da bita-karotin, kuma tana da wani sinadari ɗan uwan sulforafan, wanda Paul Talalay da abokansa suka gano a burokoli a jami'ar Johns Hopkins a 1992. Na zogalar ana ce masa moringin. A kwalbar gwaji da jikin ɓera ya nuna abubuwa masu jan hankali, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, na ɗan lokaci, ba su isa a ce wa mai ciwon suga ya ajiye maganinsa ba.

Yanzu sai neman kuɗin zaure ta wata hanyar.

Lahadi, 28 ga Disamba

Yinin yau a wurin matan Hajiya muka yi shi, kuma ya fi mini duk takardun da na karanta a watan nan.

Na zauna na ga yadda ake dafa zogalar kwaɗo tun daga tsinka. An zuba a tafasasshen ruwa, an jefa ɗan gutsuren kanwa, an rufe. Da aka sauke, ganyen ya yi laushi, ruwan ya yi kore shar. Aka tsiyaye shi a ƙasa, aka matse ganyen da hannu biyu aka yi curi-curi, sannan aka warware aka haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tattasai da ɗan mai. Na bi ruwan nan da ido yana shiga rairayi. Bitamin C da ya tsira daga zafi da kanwa a ciki yake, haka ma sinadarin da ke zama moringin, don yana narkewa a ruwa. Ƙari kuma, moringin ba ya samuwa sai an murje ko an tauna ɗanyen ganye wani sinadari mai suna mirosinaz ya yi aikinsa, shi kuwa tafasa na kashe shi. Ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin hanji suna ɗan yin aikin a madadinsa, amma ba su kai shi ba.

Na ce, "Hajiya, in an rage ruwan aka bar kanwar fa?" Ta ce, "Ɗana, kai za ka sayo mana icen? Kanwa ita ke sa ya nuna da wuri. Ruwan kuma in ba a zubar ba, ɗaci ba zai bar yara su ci ba." Wannan amsa za ta shiga taro yadda take. Shawarar da ba ta lissafa kuɗin ice da bakin yaro ba, a zaure za ta tsaya. Mun shirya da su za a gwada turarawa a madambaci kamar yadda ake yi wa dambu, a ɗanɗana, a kuma aika labo.

Ƙuli-ƙulin nan da man su ne suka yi daidai tun asali, don bita-karotin ba ya shiga jiki sai da maiƙo. A nan ma akwai darasin da aka koya da wuya. A 1995 an yi gwaji a Indunusiya a kan mata masu shayarwa, aka riƙa ba wasu ƙarin koren ganye kullum, wasu kuma biskit mai bita-karotin daidai yawan na ganyen. Masu biskit bitamin A ɗinsu ya ƙaru, masu ganye bai motsa ba. Ganye na riƙe abinsa a cikin ƙwayoyinsa. Irin wannan ne ya sa a 2001 masana a Amurka suka gyara lissafi: da ana cewa kashi 6 na bita-karotin na abinci ke ba da kashi 1 na bitamin A, aka mai da shi 12. Na mangwaro da kabewa da dankalin Hausa mai jan ciki ya fi na ganye sauƙin fita.

Shanya ma mun duba. Wadda aka baza a tabarma a tsakar rana ta koɗe ta yi fari-fari, ta cikin rumfa kuwa korenta na nan. Rana na cin karotin, wannan sananne ne. Matsalar rumfa wuri ne da awaki.

Kafin mu tashi na jiƙa soɓorodo a kofin gilas na ɗiga ruwan kanwa. Jan ya juye ya yi shuɗi-shuɗi ya doshi kore. Na matsa lemun tsami, ja ya dawo. Matan suka yi ta salati suna dariya. Antosiyanin ke nan, mai ba soɓorodo da ɓawon albasar Galmi launinsu, ba ya shiri da kanwa. Hajiya ta ce lallai a yi wannan a gaban manyan baƙi, kuma ita za ta ɗiga.

Laraba, 14 ga Janairu 2026

Samfurin farko ya tafi Yamai cikin kula da ƙanƙara a motar safe, don na'urar da ke rarrabe kersetin ba mu da ita a nan. Wanda zai yi awon ya ce ruwan aikin ya ƙare musu, an yi oda, sai ya iso.

Lemun Timiya ya cika gari. Dokta ya ga famfalmus, babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, a tire ya nemi a ƙara masa minti goma. Tun 1991 David Bailey da abokansa a Kanada suka nuna ruwan wannan lemu yana hana hanji karya wasu magungunan hawan jini, irin su felodifin da nifedifin, sai su taru a jini fiye da kima. An ba shi.

Talata, 10 ga Fabrairu

Zaman yau ya yi zafi, kuma ungozoma ce ta hura shi. Ta ce duk shirinmu yabon folifenol ne, alhali wanda aka fi sha a nan yankinmu na Adar yana cikin butar shayi, kuma ga matan da take gani ba alheri yake yi musu ba. Gaskiyarta. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya samu kashi 46 cikin 100 na matan Nijar masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini, yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 73. Tun 1975 aka nuna a Afirka ta Kudu cewa tanin ɗin shayi yana kama ƙarfen abinci a hanji ya hana shi shiga jiki. Gero kansa yana da fitat mai irin wannan aiki. To ga tuwon gero, ga shayi mai kauri na farko da na biyu da na uku ana tashi daga kwano, maza da mata.

Wani malamin noma ya ce kada mu ja wa kanmu faɗa da masu shayi, ba wanda zai bari. Ta ce, "Malam, ban ce a bari ba. A jinkirta awa ɗaya bayan abinci, a kuma matsa lemun tsami a kwaɗo ko a dama garin ƴaƴan kuka a kunu." Bitamin C yana warware wannan riƙo, kuma garin ƴaƴan kuka na da shi da yawa. Turai ma sai a 2008 ta ba da izinin shigar da shi kasuwarta a matsayin sabon abinci, abin da yaranmu ke tsotsa tun kaka da kakanni. Ta kuma ja kunne kada a ɗora wa shayi komai, don zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da haihuwa kusa-kusa da amosanin jini duk suna da kasonsu.

An ware mata awa guda cur, an rage tawa.

Alhamis, 26 ga Fabrairu

Azumi ya rage mana zama, ta waya ake yawancin aiki. Da la'asar ko'ina ƙullin soɓorodo ne mai sanyi, sai na koma kan takardun zaman soɓorodo. Uku daga ciki sun dogara da gwajin jami'ar Tufts ta Amurka na 2010, kuma gwaji ne mai kyau: mutum 65 masu hawan jini mara tsanani, waɗanda ba sa shan magani, kofi uku a yini har mako shida. Lambar sama ta awon jini ta sauka da 7.2 a wajen masu shan soɓorodo, ta sauka da 1.3 a wajen masu shan ruwan da aka yi wa kamanninsa. Abin da takardun namu suka tsallake shi ne ba a cika wa nasu sukari ba. Na tsaya wurin wata mai sayarwa a unguwarmu na ga sukarin da take juyewa a bokiti ɗaya, ban da ɗanɗanon kwalba da kala. Wanda aka ce wa soɓorodo na sauke hawan jini, wannan ƙullin zai saya, ƙila kuma yana da ciwon suga. Na mayar wa masu takardun cewa su auna sukarin na kasuwa su zo da shi, ɗalibaina za su taimaka da na nan Tawa.

Sakamakon farko ya zo daga Yamai. Kunnen waje ya fi na ciki nesa ba kusa ba, farar kuma ba ta da abin kirki, kamar yadda aka zata. Gabu ne ya ba mu mamaki, amma samfuri ɗaya-ɗaya ne, ba zan sa lamba a kundin nan ba sai an maimaita. An fara cirar sabuwar albasa a wasu garake, wakilin manoma zai turo mana.

Litinin, 9 ga Maris

An samu zaure. Ƴan kasuwar albasa ne suka haɗa kuɗin, ba su nemi komai ba sai a sa batun rudu da asarar ajiya a ranar farko, abin da dama muna so. An tsayar da makon farko na Afrilu. Saboda zafi za a fara da ƙarfe takwas, a tashi da azahar, a dawo bayan la'asar.

Ranar farko da Faransanci, ta biyu da Hausa tun daga safe, kowane mai takarda zai maimaita abin da ya samu cikin minti biyar a gaban manoma da matan Hajiya da masu sayar da abinci. Wasu malaman sun fara neman uzuri, ɗaya ya ce aikinsa ba ya faɗuwa da Hausa. Na tura masa ɗalibina su zauna. Wani gidan rediyo ya yarda ya ɗauki ranar ta biyu, ana neman mai fassara zuwa Tamajak.

Zaman ƴaƴan itacen daji har yanzu ramamme ne. Takarda ɗaya ce a kan aduwa, ɗaya a kan magarya, ba ko ɗaya a kan anza, duk da ita ce ke riƙe ƙauyuka a shekarar yunwa, kuma sai an yi kwanaki ana jiƙa ta ana zubar da ruwa kafin ɗacinta ya fita. Na rubuta wa abokan aiki a Damagaram ko akwai mai aiki a kanta.

Abin da ba a yanke ba shi ne teburan baje koli a ƙofar zaure. Hajiya na so matanta su sayar da garin zogala da kauɗa da gabu, kuma haƙƙinsu ne. Dokta ya ce ya yarda in shi zai karanta abin da aka rubuta a jikin kowane ƙulli tukuna. Hajiya ta ce nasu ba rubutu, baki ne ke talla, shi kuwa ba zai iya tsare bakin mata talatin ba. Za a koma kai ranar Asabar bayan an sha ruwa, a gidan shugaba. Samfurin zogalar da aka turara da sabuwar albasa za su bi motar jibi.